Mu bi sawun gujiya: tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da yawa daga cikinmu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Wasu ma ko ganinshi ba su yi ba, sai a hoto. Amma duk dattijon da ya noma gujiya a ƙasar Maraɗi, ko Tasawa, ko Magarya, ko Matamaye, guminshi ya shiga jirgi. Buhun da ya kai kasuwa aka auna, jaki ko raƙumi ko kamyo ne ya yi kudu da shi. Can cikin Najeriya aka loda shi a tarago, ya nufi bakin teku. Haka shanun makiyaya, da fatu, da ƙiraga.

A wannan wata, hanyar nan za mu bi. Buhun kam an daɗe da matse manshi a ƙasar Turawa. Gine-ginen da aka yi ma jirgin tun farkon zuwanshi, su za mu duba. Da yawansu sun haura shekara 100. Akwai na tsaye, akwai waɗanda suka zube, akwai kaɗan da aka ceto. Muna so mu ga abin da ke kashe irin wannan gini, da abin da ke raya shi.

KANO, BAKIN DOGO

In ka tashi daga Maraɗi, sai ka bi Ɗan Isa, ka ƙetare iyaka wajen Jibiya, ka ratsa Katsina, ka faɗa Kano. Mutumin Damagaram kuwa ta Matamaye da Daura yake gangarawa, ko ta Magarya. Kowace ka bi, tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba.

Tashar jirgin Kano tana bayan ganuwa, wajen gabas. Turawan Ingila suka kawo dogo nan a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. Dogo shi ne ƙarafan nan biyu da jirgi ke tafiya a kansu. A 1912 aka soma ɗaukar mutane da kaya sosai. Kusa da wurin akwai Fage, tsohon zangon ayarin raƙuma daga Abzin. Da tasha ta kafu, sai gari ya taso kewaye da ita. Kamfanonin Turawa suka gina kantuna da sito-sito. Kwara, wato mutanen Labanan da Siriya, suka kafa nasu, har aka samu Kantin Kwari. Aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgi da suka zo daga kudu. Yau birni ya haɗiye duka. Baƙo zai iya wucewa ta bakin tashar cikin hayaniyar motoci, bai san ita ce uwar unguwannin nan ba.

A 1911 ɗin nan ne kuma Faransawa suka mai da Damagaram babban birnin ƙasarmu, har zuwa 1926 da aka koma Yamai. Kafin jirgi, kayan Turai ta hamada suke zuwa: daga Tarabulus, ta Gat da Agadas, zuwa Damagaram da Kano. Tafiyar watanni ce, ga ƙishirwa, ga mahara. Jirgi ya zo ya mai da tafiyar Ikko, wato Legas, zuwa Kano ta ƴan kwanaki. Sai hanya ta juya. Yadi da sukari da shayi suka riƙa hawowa daga kudu. Babban ayarin Tarabulus ya mutu. Na gishirin Bilma ne ya rage, don jirgi ba ya zuwa Kawar.

Turawan Ingila auduga suka so. Sun yi zaton jirgi zai riƙa komawa cike da ita, domin masaƙunsu. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja. Gujiya kuwa, wadda Kanawa ke ce ma gyaɗa, tana kawo kuɗin haraji. In hatsi ya yi ƙaranci a ci ta, harawarta kuma dabba ta ci. Sai suka shuka gujiya. A 1912, abin da Najeriya ta fitar bai kai ton 3,000 ba. A 1913 ya haura ton 19,000. Tasha ta cika, buhuna suka tsaya jibge a waje, tarago ya kasa. Damanar 1913 kuma ta zo da fari, aka shiga yunwar nan da kakanninmu ke kira Kakalaba. Da ƙasa ta farfaɗo, gujiya ta ci gaba. Ta yi ta hawowa arewa har ta shigo gonakinmu, inda lanho ya sa kowa neman kuɗi.

Kowa ya ji labarin dalar gyaɗa ta Kano. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin manyan masu sayenta. Ana jera buhu kan buhu, ƙasa da faɗi, sama da tsini, har ya yi kamar dutse. A hoto abin sha'awa ne. Amma ku san dalilinshi. Da kaka ake sayen gujiya gaba ɗaya, jirgi kuwa sannu-sannu yake kwashe ta. Wata shekara ma ta bara tana nan, ta bana ta iske ta. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa ma gujiya a 1975, suka karya noman. Dala ta tafi. Buhu ba ya barin kufai. Abin da mutum zai iya dafawa da hannu ya ce “nan aka yi”, shi ne ginin tasha.

MU DUBA DA IDON MAGINI

Tsofaffin tashoshin layin nan kusan kamarsu ɗaya, sai dai wata ta fi wata girma.

Bango mai kauri ne, don kada zafi ya ratsa. Rufi na kwano ne, an ɗaga shi sama sosai, an kuma zarce da shi waje ya yi baranda mai faɗi. Barandar nan aiki biyu take yi. Inuwa ce ga mai jiran jirgi, tana kuma hana ruwan sama dukan bango. Ba lantarki sa'ad da aka gina su, shi ya sa tagogi ke duban juna, iska ta shiga nan ta fita can. Akwai ƴar taga inda ake yankar tikiti. Akwai ɗakin shugaban tasha, da ɗakin waya, inda ake buga ma tasha ta gaba cewa jirgi ya taso. Wannan ba abin wasa ba ne. Dogo ɗaya ne, mai zuwa da mai komowa duk a kanshi suke bi. In ba a sanar ba, sai su yi karo. A tasha dogo ke rabuwa biyu, ɗaya ya raɓe, ɗaya ya wuce.

Gefe guda ga sito, mai dakali daidai da ƙofar tarago, don ɗan dako ya shiga da buhu ba hawa ba sauka. Ga babban sikeli. Baya ga gidajen ma'aikata a jere. A manyan tashoshi akwai loko, rumfar da ake kwantar da kan jirgi a gyara shi.

Sai tankin ruwa, tsaye bisa dogayen ƙafafu. Jirgin farko da wuta da ruwa yake tafiya. Kun ga yadda murfin tukunya ke rawa in ruwa ya tafasa? To, ƙarfin nan ne. Ana hura wuta da itace ko kwal, ruwa ya tafasa cikin wata babbar tukunyar ƙarfe, tururi ya tura sanda, sanda ta juya ƙafafu. Kwal ɗin daga baya a Inugu aka riƙa haƙo shi. Jirgin nan mashayi ne kamar garken shanu, dole a kafa mashi mashaya a hanya. Inda aka sa tanki, aka sa mai gadi. Mai tuwo ta zo, mai rake ya zo, kasuwa ta ci, gari ya kafu. A 1955 aka soma kawo kan jirgi mai shan gazuwal. Sannu a hankali masu tururi suka kwanta. Tanki ya rasa aikin yi, shi ya riga kowa tsatsa.

Wani zai ce: ginin nasara ne, mi ya dame mu in ya rushe? Tambaya ce da ta kamata a amsa. Gwamnan Arewacin Najeriya na lokacin, Percy Girouard, mutumin Kanada ne, ya taɓa shimfiɗa dogo a Sudan. Shi ya tsara aikin. An fara a 1907 daga Baro, bakin kogin Kwara, kogin nan da ya ratsa Yamai da Gaya. Daga Baro zuwa Kano kusan kilomita 570 ne. Ba katafila, ba kamyo. Aka ɗora ma sarakuna da hakimai su kawo mutane. Ƙauye ya ba da nashi, ko yana so ko ba ya so. Nufawa da Gwarawa da Hausawa suka sare daji, suka ɗauki ƙasa a kwando bisa kai, suka yi tudun da dogo ke kwance a kai. Irin aikin tilas ɗin nan mun san shi nan ma, zamanin Faransawa, har 1946 da aka soke shi. Nasara ya zana a takarda, hannun talaka ya ɗaga. Ba a rubuta sunayen leburorin nan a jikin bango ba. In aka bar aikinsu ya tafi, mi za a nuna ma jikokinsu?

ZARIYA DA RASSAN DA SUKA DOSO MU

In jirgi ya bar Kano ya yi kudu, babbar tasha ta farko ita ce Zariya. Nan mararraba ce. Wani reshe ya tashi daga nan, ya bi Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Wani kuma ya tashi daga Kano, ya bi Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. Bakin dogo biyun nan sun doso ƙasarmu, amma ba su ƙaraso iyaka ba.

Makiyayan Mangari, da na Gure, da na Maine-Sorowa sun san Nguru. Kora shanu a ƙasa har kudu aikin makonni ne. Dabba ta rame, tsando ya cije ta, sammore ya kama ta, wadda ta isa kasuwa ta faɗi daraja. A tarago kuwa kwana kaɗan ne. Nguru ta yi suna da busasshen nama, da ƙaro, da fatu. In jirgi ya komo, ya komo da goro.

Tun shekarun 1980 harkar jirgi ta yi sanyi a Najeriya, manyan motoci suka kwashe kaya. An gyara tsohon layin Ikko zuwa Kano, mai kilomita sama da 1,100, jirgin fasinja ya sake bin shi a Disamba 2012. Amma rassa ba su ga jirgi kamar da ba. A wajen Gusau da Ƙaura Namoda kuma, ɓarayin daji sun daɗe suna hana mutane sakewa.

Tashar da jirgi ya daina tsayawa, ga yadda take mutuwa. Iskar bazara ta ɗage kwano ɗaya. Ba mai gida, ba wanda zai hau ya buga ƙusa. Damana ta zo, ruwa ya sauka kan katako. Katako ya jiƙe, gara ta ji. Baɗi kwano uku sun tafi. Wani ya ga ƙofa a banza, ya ce gara ta tsare ɗakinshi da ta ruɓe nan. Wani ya cire taga. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da sikelinsu, sai tanki ya ɓace, sai sikelin tasha, har dogon kanshi. An sha kama motoci a Najeriya ɗauke da dogon da aka kwance da dare. Awaki suka shiga kwana. Bango ya tsage daga sama, inda ruwa ke zama. Ƙarshe wani ya ce filin nan a tsakiyar gari yake, a yanka shi a yi shaguna. Duk manomin da ya taɓa barin rumbu ba jinka damana biyu ya san wannan labari. Bambanci ɗaya: rumbu ka sake gina shi da rani, tashar 1911 kuwa ba a sake ta.

Akwai misali a Zariya ɗin nan. An taɓa yin wani ƙaramin layi daga nan zuwa Jos da Bukuru, tsakanin 1912 da 1914, domin kwasar kuza. Ƴan tarago ne ƙanana, kan dogo mai ƙunci. A 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan. Yau matashi zai yi noma kusa da inda ya bi, bai san jirgi ya taɓa wucewa ba. Cikin abin da ya tsira, akwai wanda aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye.

MINNA, BARO DA JEBBA

Daga Zariya sai Kaduna, sai Minna. A tashar Minna aka ajiye wani ɗan kan jirgi, wanda ya yi aiki a layin Zungeru na 1901, layi na farko a duk Arewacin Najeriya. Ƙarami ne ƙwarai. Wanda ya gan shi zai yi mamakin abin da ya ja.

Daga Minna reshe ya gangara Baro, inda aka fara aikin. Dabarar ita ce jirgin ruwa ya kawo kaya ta kogi, jirgin ƙasa ya karɓa. Amma da rani kogi yana janyewa, manyan jiragen ruwa ba su iya zuwa. Da aka haɗa Minna da layin da ya taso daga Ikko, sai kaya suka bi can. Baro ta haifi layin Kano, layin ya girma ya manta da ita.

A Jebba dogo ya iske kogin Kwara. Da fari, jirgin ruwa ne ke ɗaukar tarago ya ƙetare da su. A 1916 aka gama gada. Daga nan sai Ilori, sai Badun, sai bakin teku.

GIDAN DA AKA CETO A IKKO

A Ikko akwai unguwa mai suna Ebute Meta. Nan ne gidan uwar jirgin ƙasa na Najeriya. Daga wannan yanki aka fara shimfiɗa dogo a 1896, ya isa Badun a 1901. Babban fili ne, da ofisoshi, da loko, da gidajen ma'aikata, da manyan itatuwa. In ka shiga daga hayaniyar titi, sai ka ji kamar ka bar birnin.

Cikin filin akwai wani bene da aka gina a 1898. Ku duba shekarar nan da kyau. Sa'ad da aka gina shi, Faransawa ba su ci Damagaram ba tukuna, sai a 1899. Gidan babban shugaban jirgi ne da fari, daga baya ya zama masaukin manyan ma'aikata. Ana kiran shi Gidan Jaekel, a baki a ce Jekel. Sunan wani Bature ne, Francis Jaekel, da ya yi shekaru yana aikin jirgi a Najeriya, ya kuma rubuta tarihinshi cikin littafi 3.

Gidan yana da katako da yawa, da baranda mai faɗi, da tagogi ko'ina. Ikko kuwa ƙasar laima ce. Ruwan sama ya ninka namu, iska na ɗauke da gishirin teku, gara ba ta hutu. In akwai wurin da gidan katako zai ruɓe da sauri, nan ne. Ya kuwa lalace. Sai wata ƙungiya ta masu kishin tsofaffin gine-gine, mai suna Legacy 1995, ta nemi hukumar jirgin ƙasa su haɗa hannu. Wani gwanin zanen gini, John Godwin, wanda ya zauna Ikko tun 1954, ya ja ragamar aikin. A 2010 aka gama.

Irin wannan gyara yana da ƙa'ida. Rufi ake fara tsarewa, da hanyar ruwa, kafin a yi maganar fenti. Abin da ya ruɓe shi kaɗai ake cirewa. Abin da za a mayar, a nemi irin na da. Katako a mai da katako. Masu gaggawa su kan so su shafe komi da siminti don ya yi kyan gani. Maginanmu sun san illar wannan. In ka shafe bangon ƙasa da siminti, laima ta shiga ta baya ba ta da hanyar fita. Waje sumul, ciki yana narkewa, rana ɗaya ya zubo gaba ɗaya.

Amma a ganina gyaran ba shi ne babban abu ba. Babban abu shi ne an ba gidan aikin yi. An mai da shi ɗan gidan tarihi. Akwai hotuna na shekarun 1940 zuwa 1970, da kayan aikin ma'aikatan da. Ƴan lakwal suna zuwa da malamansu. Masu ɗaukar hoto suna zuwa. An ɗauki wani sashe na fim ɗin October 1, na 2014, a wurin. Gidan da ake sharewa kullum, in kwano ya ɗaga da dare, da safe an gani.

Kada a ce takardar gwamnati ta isa. A Ikko ɗin nan akwai wani tsohon bene, Ilojo Bar, ba na jirgi ba, wanda aka gina wajen 1855. Tun 1956 doka ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. A Satumba 2016 katafila ta rushe shi. Takarda tana ofis, gini yana ƙasa.

Ƴan uwanmu na Senegal sun bi wata hanyar. Tashar Dakar, ta 1914, ita ce bakin layin da ke zuwa Bamako. A layin nan ne ma'aikata baƙar fata suka yi yajin aiki wata 5, daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, suna neman a daidaita su da Turawa. Da za a kawo sabon jirgi, ba a rushe tsohuwar tashar ba. An gyara ta, aka sa ta cikin sabon aikin. A Disamba 2021 fasinja suka soma shiga sabon jirgin daga nan.

NAN GIDA FA?

Gujiyarmu ba ta Kano kaɗai ta bi ba. A 1953 Faransawa suka soma karkata wani kashi ta yamma. Kamyo ya kai ta Farakku, cikin Dahome, wadda ake kira Benin yanzu. Dogo daga Kwatano ya isa can tun 1936, kilomita 438. A 1959 ƙasarmu da Dahome suka kafa hukuma ɗaya ta wannan jirgi. A 1962 aka kafa SONARA domin sayen gujiya. Ke nan tsofaffin tashoshin Farakku da Kwatano ma akwai rabonmu a cikinsu.

Tasha ta farko a ƙasarmu ita ce ta Yamai, an buɗe ta a 2014. A Janairu 2016 aka yi bukin dogon Yamai zuwa Doso, kilomita kamar 140. Bayan bukin, jirgi bai shiga jigilar yau da kullum ba. Ginin yaro ne a kan na Kano. Amma ruwan sama ba ya tambayar shekarun kwano.

A Fabrairu 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kano, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, kilomita 284. Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Tsohon dogon Najeriya, tsakanin ƙarfe da ƙarfe santimita 107 ne, saura kaɗan. Sabon kuwa santimita 143 da rabi. Sabon jirgi ba ya iya hawa tsohon dogo, kamar yadda amalanken shanu ba ya bin turbar jaki. Shi ya sa ake gina mashi tashoshinshi dabam, sau da yawa a gefen gari. Haka aka yi a Kaduna, inda sabuwar tasha take Rigasa tun 2016. Haka aka yi a Badun, tana Moniya tun 2021. In jama'a da kasuwa suka koma sabuwa, tsohuwa ta zama marainiya. Wannan lokaci ne ya fi haɗari gare ta, ba lokacin da kowa ke talauci ba. Sa'ad da kuɗi ya shigo gari ne fili ke tsada, katafila ta samu aiki.

Mu ba mu da tashar 1911. Amma muna da ɗiyanta. A garuruwan gujiya akwai tsofaffin kantuna, da sito-sito, da dakalin sikeli, inda buhu ke kwana kafin ya nufi bakin dogo. Sito mai kaurin bango zai iya zama bankin cimaka, ko ma'ajiyar taki ta ƙungiyar manoma, ko ajin yaƙi da jahilci. Gyaran irin wannan ba baƙonmu ba ne. Mutanen Agadas sun riƙe masallacinsu na ƙasa ɗaruruwan shekaru da yaɓe, har tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. Gayyar yini ɗaya kafin damana, da kwano biyu, da ƙusa, da gyaran indararo, tana iya ƙara ma sito shekaru.

Masu karatu, ku da kuka iya rubutu yanzu, ku zauna da tsofaffin garinku tun suna nan. Ku tambaye su: ina aka auna gujiya a garin nan? Wane kamfani ne? Ta wace hanya ake kai ta, Kano, ko Ƙaura, ko Nguru, ko Farakku? Kwana nawa raƙumi ke yi? Wa ya taɓa kora shanu zuwa bakin dogo? Ginin yana nan, ko ya zube? In yana nan, wa ke riƙe da mabuɗi? Ku rubuta amsa da sunan garinku, ku ba malamin yaƙi da jahilci ya aiko mana.